Bututu Don Hajiya

Gwangwanin madarar yana zaune a kan kututture, ko ƙwarzane babu a jikinsa. Alhaji Surajo ya sauke bindigar, ya yi gyaran murya, ya ce iska ce.

Babu iska ranar a garin Pleasant Garden, can ƙasar Turawa. Mai gidan, Abdoul Razak, ɗan Damagaram mai bakin tsiya, ya taka har gaban gwangwanin ya shafa shi. "Kwantar da hankalinka, mon ami," ya ce masa. "Muddin Bakano ne ke harbi, sai dai tsatsa ta kashe ka."

Mazan suka kwashe da dariya. Surajo ma ya yi, amma iyakarta haƙora.

Ya sayi ƙaramar bindigar ne bayan ɓarayi sun fasa ofishinsa na sayar da motoci a titin Gate City Boulevard. Mai cin harsashi lamba arba'in ya zaɓa, don an ce ta maza ce. Ba a gaya masa tana shuri kamar jaki ba, ga shi sanyin ƙashi ya kama masa wuyan hannu. Kafin ya ja kunama idonsa ya riga ya runtse. Abu ɗaya yake yaba mata: ko ya yi wata bai buɗe akwatinta ba, a goge yake samunta, tana ƙamshin mai.

Ya san maganin. A canja mata bututu, a sa wanda ke cin lamba tara mai sauƙin shuri, shi ke nan. Sai dai da bakinsa ya taɓa cewa lamba tara ta mata ce da 'yan koyo, kuma Abdoul Razak ba ya mantuwa. In ya ji, har a filin Idi sai ya ba da labari. Ga gasa an sa Asabar mai zuwa: wanda ya zo na ƙarshe shi zai tsaya gashin nama, sauran suna ci suna yi masa kirari.

Ana cikin haka matarsa Rumasa'u ta fito daga wajen mata da tiren shayi. Ta ce ita ma a ba ta ta gwada.

Ta karɓi bindigar da 'yan yatsu, kamar an miƙa mata mataccen ɓera. Ta ɗaga ta da hannun dama, ta harba, ta sake, ta kuma sakewa. Gwangwani bai motsa ba. Duk harsasan sun wuce ta gefensa sun shige tudun yashin da ke baya, rami a kan rami. Ta ajiye bindigar, ta kama hannunta na hagu tana yarfewa.

"Wayyo, Alhaji, wannan ai sai ta karya ni," ta ce, da muryar da har na nesa suka ji. "In ɓarawo ya shigo ba ka nan fa? Babu yadda za a rage mata ƙarfi?"

Surajo ya ji kamar an sauke masa buhun shinkafa daga ka. Ya yi ajiyar zuciya irin ta mai sadaukarwa. "Kun dai ji da kunnenku," ya ce wa abokansa. "Ni ba ni da matsala da ita. Amma iyali gaba suke da komai."

Abdoul Razak ya kurɓi shayi.

Rumasa'u ta ce a je neman gyaran kowace rana ban da Alhamis, ranar fitarta da ƙawaye. Ta kuma ce ta ji labarin wani shagon bindigogi da ke da mai jin Hausa. Suka je ranar Talata. Surajo na tsaye yana neman inda zai nufa, ita ta riga ta isa kantar da ke can ƙurya.

Mai tsaron kantar, Elnathan, mutumin Kafanchan ne. Ya ɗago da fara'a zai yi magana, Rumasa'u ta gyara mayafinta. Ya haɗiye maganar, ya gaida Alhaji.

Surajo ya yi bayani dalla-dalla. Hannun mata ba ƙarfi. Tsoro ya yi musu yawa, suna runtse ido kafin su harba. Duk abin da ke damunsa ya kwashe ya ɗora mata, ita kuwa tana gyaɗa kai, idonta a ƙasa.

Elnathan ya fito da bututu biyu. Na farko lamba tara, mai taushi, har da gidan harsashin da ya dace da shi. Na biyun lamba uku-biyar-bakwai, ya ce ya fi arba'in ɗin zafi da ƙara, sai wanda hannunsa ya zauna.

"Da don ni ne, wannan zan ɗauka," in ji Surajo, yana shafa shi da ɗan yatsa.

"Ai da mai shi, Alhaji. Oda aka yi."

"Namiji ke nan," Surajo ya ce. Ya juya wajen matarsa. "Ke dai ga naki. Kar ki damu, ni zan fara gwada miki shi ranar Asabar."

"Duk yadda ka gani, Baban Afnan."

Ya biya, ya rungumi kwalin, ya fita yana kiran Abdoul Razak a waya, yana ce masa ya tanadi gawayi da tsinken tsire, don shi zai sha hayaƙi. Rumasa'u ta tsaya tana kallonsa ta gilashi, murmushi na neman ƙwace mata.

Elnathan ya jira ƙofar ta rufe, sannan ya turo ɗaya bututun gabanta, ya rage murya. "Anti, tunda kin ce arba'in ɗin ta yi miki sanyi, ga naki ya iso. Yanzu za ki tafi da shi, ko sai Alhamis in kin zo harbi?"