Wajen Hular Kwano Biyu

Tun da ambaliya ta cinye babur ɗin Pei-yun, Wen-kai ke goya ta zuwa aiki kullum safe. Yau ya rako ta shagon babura a birnin Tainan, amma duk wanda ta taɓa sai ya samo masa aibi.

"Wannan burkinsa ba ya ci. Wancan kuwa ya fi ƙarfinki."

Mai shagon ya harare shi. "Samari, ko tayar da shi ba ka yi ba."

Pei-yun ta dubi Wen-kai. Kunnuwansa sun yi ja, idonsa na kan taya. Nan ta gano shi: tsoro yake ta samu abin hawa, ta daina riƙe ƙugunsa. Ya gwammace ta zauna ba babur da ya buɗe baki ya ce yana son ta.

"Wen-kai, matsoraci," ta ce a hankali. "Yau sai na saya. Ba zan zama kayan dakonka saboda nauyin bakinka ba."

Ya ɗago kai. "To ni fa?"

Ba ta kula shi ba. Ta ɗaga mazaunin wani shuɗin babur, ta leƙa ramin ƙarƙashinsa. "Kawu, nan zai ci hular kwano biyu?"

"Har da rigar ruwa."

"Shi nake so." Ta juyo wajen Wen-kai. "Ranar Asabar zan hau hanyar dutse, in biya ta gidanmu. Kai ne a baya. In mahaifiyata ta tambayi ko kai wane ne, da bakinka za ka ba ta amsa."