Mai Gyaran Rediyo da Katunansa

Ajiye katin nan tukuna, jikata, ki ba ni kunnenki. Ban ce miki aika wa baƙi gaisuwa laifi ba ne, misali kawai zan ba ki.

An yi wani mai gyaran rediyo, mutum ne da bai yarda da kowa ba. In maƙwabci ya gaishe shi da fara'a, sai ya ce a ransa akwai abin da yake nema. In aka aiko masa da tuwo, sai ya jujjuya kwanon, yana tunanin me aka barbaɗa a miyar. A rediyon da yake gyarawa ya ji labarin masu musayar kati mai hoto da mutanen da ba su taɓa gani ba: ka aika wa wani a Japan, wani daga Birazil ya aiko maka. Abin ya kwanta masa, domin waɗannan ba za su leƙa tukunyarsa ba, bakinsu ba zai kama shi ba. Kowace Laraba yana gidan waya yana lasar kan sarki. Katuna suka yi ta zuwa: ga dutse mai ƙanƙara, ga gada a kan teku, ga wasu tsuntsaye masu tafiya a tsaye kamar mutane. Ya zuba su a tsohuwar akwatin rediyo ya kulle, kada ido ya gani. Suna, ɗaurin aure, dubiya, duk matarsa ce mai zuwa, takalminta ne ke cinyewa. Ana nan sai mahaifin wani kafinta ya rasu, katanga ɗaya ce tsakaninsu. Mutumin nan ya ce in ya je zaman makoki za a ƙare masa kallo, a auna rigarsa, a yi da shi bayan ya tashi. Sai ya zaɓi katinsa mafi kyau, ya rubuta ta'aziyya da rubutu mai tsabta, ya kai gidan waya. Wallahi, jikata, gidan da in ya yi tari za a ji! Katin ya yi kwana tara kafin ya zagayo, an riga an yi sadakar bakwai. Kafinta ya karanta, ya nuna wa mutanen masallaci.

Bayan shekara biyu matar mai rediyo ta kwanta, kwana huɗu ta cika. Jama'a suka zo, aka yi mata sutura, aka kai ta, domin wannan hakkin mamaci ne. Cikin gida ya cika maƙil da mata, har ba wurin taka ƙafa. Shi kuwa ya shimfiɗa tabarmi shida a ƙofar gida. Maza sai su zo a tsaye, su ce Allah ya jiƙanta, su wuce, ba mai cire takalmi. Ya wuni yana jin kukan mata ta bayan katanga, akuya tana taka masa shimfiɗa. A ranar ma an kawo masa kati daga wata ƙasa, mai shi yana ba shi labarin furannin lambunsa, yana fatan iyali suna lafiya. A rana ta uku da hantsi sai ga kafintan nan. Ya tuɓe takalmi, ya ce, "Matsa mini, malam, tabarmar nan ta yi wa mutum ɗaya yawa." Mai rediyo ya matsa, amma hali zanen dutse: yana ta satar kallonsa, yana jiran ya goranta masa, ko ya faɗi abin da ya kawo shi. Kafinta kuwa carbinsa kawai yake ja. Da aka gan shi zaune, mahauci ya zo ya zauna, sannan liman, sannan wasu. Har la'asar mutumin nan yana jiran gorin, bai zo ba. Sai ya ja hularsa ya rufe fuska, yana kuka.

To, aika katinki, ban hana ki ba. Amma in kin fito daga gidan wayar, ki biya ki duba gwaggonki, mako uku ke nan tana kwance. Hausawa suka ce zumunta a ƙafa take.