Ƙofar da Shekwolo Bai Buɗe Ba

Shekwolo ya sake ture ƙoƙon Jibin Ubangiji a majami'a. Shekara huɗu ke nan bai sha ba, tun rikicin shekarar sittin da shida. A cikin rikicin, ran nan da rana tsaka maƙwabcinsa Anozie, ma'aikacin jirgin ƙasa, ya yi ta dukan ƙofarsa yana neman mafaka. Shi kuwa ya maƙale a ciki, ya yi shiru.

Har yau dukan nan bai bar kansa ba. Ko sakwara matarsa ke kirɓawa, sai ya toshe kunne ya fice. Ya rame, mutane suka ce ya taɓu.

Ana tashi daga sujada, sai ga Anozie a bakin majami'a, da ransa.

Shekwolo ya zube a gabansa. "Ɗan'uwa, ina ciki ran nan. Na ji ka, na ƙi buɗewa. Tsine mini in huta!"

Anozie ya ɗago shi, ya fashe da kuka. "Kai ne da rai? Masu kisan suna bayana lokacin da na buga. Shekara huɗu ba na barci, ina zaton ni na nuna musu ƙofarka suka kashe ka. Kabarinka na zo nema."