Hannun Baƙo a Saman Shafi

Surayya, mai tsara shafukan intanet a Bagudo, ta ja hoton ta ajiye a saman shafin, ta ɗora sunan kamfanin kifin su Baƙo da koren rubutu. Tsoho Baƙo ya leƙa kwamfutar, ya ga kansa a gefen hoton cikin rigar Sallah, riƙe da ƙaton kifin banda, ɗansa Mutawakkil na tsakiya.

"Yawwa! Yanzu 'yan Benin za su san mai kifin," in ji shi. Tun ba a haifi yaron ba yake banda a Kaoje, amma dillalai sun fara kiran wurin na Mutawakkil. Ya fita yana ta sa mata albarka.

Surayya ta duba yadda shafin zai fito a waya. Hoton ya tsuke, gefensa ya yanke. Baƙo ya ɓace, sai hannunsa da kifin.

"Malam Mutawakkil, bari in matso da Baba. Masu sayen kifinku duk a waya suke dubawa."

Mutawakkil, da ke zaune kusa da ita, bai ko ɗago kai ba.

"Na sani, shi ya sa na tsayar da shi a gefe. Bar shi haka. Ai hannun ya fito."