Muryar Baba a Kan Fadamarmu

Tun da aka kafa dokar da ta ce ba a yanke hukunci kan gado sai an saurari mamaci, ofishin filaye yake ajiye muryar duk wanda ya rasu. Ranar Talata aka kira ni saboda fadamarmu, wadda kakana ya sare, mahaifina ya noma, yanzu kuma kamfanin sukari yake so.

Ma'aikaciyar, Zulai, 'yar maƙwabcina ce. Ta gaishe ni cikin ladabi, ta danna na'ura. Sai muryar mahaifina ta cika ɗakin, har da tarin nan nasa.

"Hashimu, ɗana, na yarda a ba kamfani fadamar. Ka sa hannu."

Na juya wajen Zulai.

"Zulai, ke ce 'yar fari a gidanku. Babanki ya taɓa kiran sunanki?"

Ta sunkuyar da kai. "Bai taɓa ba, Baba."

"To, ni ma ɗan fari ne. Har ya koma ga Allah, 'kai wannan' yake ce mini. Mutumin da ya ji kunyar sunana yana raye ba zai koyi rashin kunya a kabari ba."

"Baba, in kuka ƙi, kotu 'yan kamfanin za su kai ku."

"Su zo da mai muryar kotun. Ina da tambayoyin da zan yi masa."

Na ɗauki sandata. Har na kai bakin ƙofa muryar tana kiran sunana. Ban waiwaya ba, na wuce fadama, domin albasa tana jiran ban ruwa.