Filashin Neman Aure

Talabijin ta uku ke nan da Alhaji Jaji ya saya a bana, kowacce ta fi ta baya faɗi, kuma duk zagi ɗaya suka sha: hotonsu dishi-dishi, kamar an wanke shi da ruwan kanwa.

A ƙauyen nan na bayan Ɗambatta ba mai musu da shi. Mutumin da ya tsufa a harkar hatsi, wanda zai hango buhun gero ya faɗi gonar da aka nome shi, wa zai koya masa kallo? Tun da ya bar zuwa kasuwa ya kuma ajiye tuƙi, wai duk aikin yara ne, ba shi da sana'a sai kwalin faya-fayan finafinan yaƙi da ya zo da su daga Dubai, masu tsabar hoton nan da ake kira Bulure.

Da talabijin suka gaza, laifi ya koma kan na'urar faifan. Alhaji ya ce a juye masa finafinan a filashi. Masu tura fim na Ɗambatta suka riƙa zuwa suna komawa da kunya. Na ƙarshensu ma cewa aka yi kunu ya damo.

Uzairu bai tausaya musu ba. Yana da difloma a kwamfuta, kuma bai taɓa bari a manta ba. A ganinsa mutanen da ke matse fim ya shiga wayar ɗan acaɓa ba su da hurumin taɓa Bulure. Abin da ya dame shi daban ne: ya daɗe yana neman Khaulat, 'yar autar Alhaji, tsohon kuwa sai ja masa rai yake.

"Ɗan boko," in ji Alhaji ranar da ya je gaisuwa, "an ce ka san na'ura. Fito min da hotona yadda na saye shi, sai mu yi maganar da ke kawo ka. In ka kasa, ka daina cinye min tabarmar zaure."

Uzairu ya ɗauki kwalin yana danne murmushi. Ya ari na'urar karanta faifai a Kano, ya sayo filashi mai babban ciki, ya juye finafinan cif, bai rage ko ƙwayar hoto ba. Da filashin ya ce fim ɗin ya yi masa girma, ya goge filashin ya sauya masa tsari. A laftof ɗinsa kana iya ƙirga gashin wutsiyar doki. Gwadawa a talabijin? Wannan aikin masu shakkar kansu ne.

Ya koma bayan la'asar, lokacin da sola ta cika batir. A soro Khaulat ta tare shi.

"Don Allah komai Baba ya ce, ka ce haka ne."

"Yau ai shi zai ce haka ne."

Ta dube shi kamar za ta ƙara wani abu, sai ta wuce gaba. A falo ta sa wa mahaifinta kofin ruwa a hannu, ta fice.

Alhaji na kishingiɗe a kujerar da ba ya sauyawa, carbi a hannu. Bai ko kula miƙa hannun da Uzairu ya yi ba. Girman kai dai, in ji Uzairu a ransa, na tsohon da ya tara kuɗi bai tara ilimi ba.

"Wanne zan sa, Baba?"

"Wanda ka ga dama. Duk na haddace su."

Ya soka filashin, ya danna rimot. Sunayen finafinan suka jeru. Ya zaɓi na farko.

Ganguna suka tashi, dawakai suka yi haniniya, ƙarar takubba ta cika falon har gilashin taga na rawa. Allon kuwa baƙi ƙirin, in ban da wani ɗan rubutu a tsakiya da ke cewa talabijin ba ta san wannan nau'in hoto ba.

Ya koma na biyu. Haka. Na uku ma haka. Ashe talabijin ɗin, duk faɗinta, cikinta bai wuce na wayar ɗan acaɓa ba. Abin da masu turi ke matsewa shi kaɗai take iya haɗiya. Gumi ya jiƙa masa wuyan shadda. Ya tuna shagunan Ɗambatta da ya bi yana yi musu dariya, ya tuna yadda labari ke isa majalisa kafin mai shi ya isa gida. Ya dawo kan na farkon, ko Allah zai sa, ya tsaya da rimot a hannu yana haɗa kalmomin ban haƙuri, abin da ba a koyar ba a difloma.

"Baba, wato abin da ya faru..."

"Yi min shiru ina kallo."

Uzairu ya waiwaya. Alhaji ya tashi zaune, ya ajiye carbin, ya kafa wa baƙin allon idanun da sai yanzu Uzairu ya lura farin hazo ya rufe su, yana gyaɗa kai a hankali, irin gyaɗawar masani.

"Yauwa," in ji shi. "Wannan shi ne hoto, ba kunun jahilan can ba. Dubi jan rawanin sarkin nan kamar ka taɓa! Ka turo magabatanka ranar Juma'a."