Kaset Daga Indiya

"Kunna mani kaset ɗin nan a asirce, ni kuma in sa baki a buɗe maka shago," in ji malamin da ya sa aka rufe gidan kallona a Ƙaura, shekarar da Shari'a ta zo.

Na yarda. Ɗansa mai karatu a Indiya ne ya aiko masa da kaset ɗin.

Ina kunnawa, sai ga yaron a bikin watsa kala, jikinsa ja da kore, yana tiƙar rawa cikin mata. Malam ya saki salati, carbinsa ya faɗi. Na kai hannu in kashe, ya damƙe ni.

"Mayar baya, Alhaji. Tun rasuwar uwarsa ban ga dariyarsa ba."

Malam ya samu ɗansa. Ni na yi asara: ga labari da zafinsa, amma na kasa kai shi majalisa.